Koren shaddar Hajiya

Talata. Hazo tun asuba. Na kai yara lakwal na dawo shago, ban ma gama kaɗe ƙurar tebur ba sai ga Yaya Babba da albom ɗin bikin ɗiyar Hajiya, fuska a murtuke. Ba ni na ɗauki bikin ba, satin ina Tawa, wani yaro suka samu daga Bukoki. Yaya ya ce ƙanena duba mini nan, Hajiya ta ce wannan ba shaddarta ba ce. Na buɗe, wallahi tana da gaskiya. Ankon kore ne shar, na ga ƙyallen da idona tun wajen tela, amma a takarda ya fito a koɗe, toka-toka, har fuskar amarya ta dushe.

Da aka kawo kile USB ɗin da hotunan ke ciki, sunansu kawai na gani na gane, dukansu da ɗan layin ƙasa suka fara, _DSC, haka kamara ke yi in an saita ta kan tsarin launi na Adobe RGB. Yaron ya kwashi JPEG yadda suke ya kai labo, injinsu kuma ya karanta su a matsayin sRGB, wani tsarin launi daban.

Yaya ya kira shi ya zo, yaro mai ladabi, har ƙasa ya gaishe mu. Ya ce Malam ai Adobe RGB ya fi faɗi, ya fi ɗaukar launi, shi ya sa na zaɓe shi don aikin ya yi kyau. Na ce ba ka yi ƙarya ba, sRGB tun 1996 HP da Microsoft suka fito da shi don ekran na wancan zamani, na Adobe ya zo 1998 kuma ya fi shi yalwa musamman wajen kore da shuɗi-kore, daidai inda shaddar nan take. Amma cikin hoto lambobi ne kawai, ja da kore da shuɗi kowanne daga 0 zuwa 255, profil ɗin, wato sRGB ko Adobe RGB, ke faɗin abin da lambar ke nufi. Ka ce tiya goma ta hatsi, mai awo ya ɗauko ƙaramar tiya, goman ce ya ba ka amma buhu bai cika ba. Ya yi shiru can ya ce to in daina amfani da shi kenan? Na ce a'a, ni ma RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoto da kamara ba ta gyara ba, Lightroom kuwa, manhajar gyaran hoto, cikin filin launi mai faɗi na ProPhoto yake gyara, ya ma fi na Adobe, sai dai duk abin da zai bar hannuna zuwa labo ko WhatsApp sai na fitar da shi a sRGB. Na nuna mishi a Photoshop, Convertir en profil zai danna, ba Attribuer ba, don na biyun lambobin yake bari yadda suke ya canza musu suna kawai.

Abin da ya tsaya mini a rai har yanzu, yaron nan so ya yi ya kyautata, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya mishi. Su ma na labo sun ga hoto ya fito haka suka manna a albom suka karɓi kuɗi, da Yaya ya kira cewa suka yi haka ya zo musu. Hajiya kuwa adashi ta ɗauka ta sayi shaddar nan, aure kuma ba a maimaita shi don a sake hoto.

Rana, dambu da kilishi. Wuta ta ɗauke, ta dawo wajen la'asar.

Na juya hotunan duka zuwa sRGB, na tura 'yan kaɗan gwaji. Na gargaɗi Yaya kada ya yi wa Hajiya alkawarin kore sak, takarda ba ta iya fitar da duk abin da ekran ke nunawa, amma zai matso sosai in Allah ya so. Saura maganar wa zai biya sabon albom, jikka nawa ne ma yaron ya samu a aikin gaba ɗaya. Gobe da safe zan tafi labon da kaina mu yi magana.