Neman asalin gidanmu a Madabo

Bayan rasuwar kakata, Allah ya jiƙanta, na fara bin diddigin asalin gidanmu da ke Madabo, unguwar da ake dangantawa da Wangarawa, malaman da suka zo Kano daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Na je maƙabartar Dandolo, amma tsofaffin kaburbura ba su ɗauke da suna, sai wani dattijo mai haƙa kabari ya nuna mini ɓangaren da ake binne mutanenmu.

Abin da ya fi amfanata shi ne kundin kakan mahaifina, wanda a bangonsa na ƙarshe aka jera sunayen kakanni bakwai da ajami, kowanne da unguwar da ya zauna.