Tarin hunturu a Galway

Abin da wata abokiyar aikina a nan Galway, ƙasar Ayalan, ta faɗa min har yau yana ci mini rai. Tari ne ya sa ni gaba a hunturun nan, na ce da a gida nake da tuni Inna ta haɗa min sirace da tazargade da ganyen darbejiya, ta lulluɓe ni da bargo. Sai ta yi dariya, wai camfi ne, in je kantin magani.

Camfi? A Ayalan ɗin nan?

Mutanen da har gobe a karkararsu ake neman ɗa na bakwai wanda ubansa ma ɗa na bakwai ne, domin ya shafa wa yaro makero ya warke. Hazbiya ta fito wa mutum a ido, zoben aure na zinariya ake goga masa. Daren 31 ga Janairu, jajiberin ranar waliyyiyarsu Brigid, wasu na shanya ƙyalle a waje ya kwana, su adana shi saboda ciwon kai da na maƙogwaro. Yaro ya yi amai kuwa, 7Up da aka bari iskarsa ta fita ake ba shi. Ban taɓa yi musu dariya ba, gadonsu ne. Me ya sa nawa ne abin dariya?

Maƙwabciyata dai, tsohuwa ce mai kirki, ita ta ji tarin ta bango ta ƙwanƙwasa min ƙofa. Da farko giya mai zafi da kanumfari da lemun tsami ta ce za ta haɗa min. Na ce addinina ya hana, ta ba ni haƙuri. Washegari ta kawo carrageen, wata ciyawar teku da suke tsinta a kan duwatsun gaɓa su busar, ta dafa da madara da zuma. Yana da yauƙi, ya kuma kwantar min da maƙogwaro. Allah ya saka mata da alheri.

Da na ba Inna labari a waya, tambayarta ta farko ita ce ko ina sa safa. Ta ce za ta daka min citta da kanumfari da masoro ta ba mai zuwa. Gwiwarta na damunta, ƙanwata ce ta faɗa min, ita ba ta ko ambata ba. Wa ke shafa mata man kaɗanya da dare tun da aka kai Auta ɗakin miji? Na tambaye ta, ta ce in bar zancen, in ji da tarina.