Tarihin Rayuwata, Kashi na Huɗu: Abin da Goggo Ta Tuna

Makon jiya mun tsaya a inda mai wannan tarihi ta fito daga ofishin likitar ƙwaƙwalwa riƙe da takarda mai shafi uku, an rubuta cewa tana da otizim, wato yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane, mataki na ɗaya, wanda ya fi sauƙi. Shekarunta 33, tana da aure da ɗa guda, ta kuma shekara takwas tana aikin akanta. Tambayar da ta hana ta barci bayan nan ita ce: idan da shi aka haife ni, ya aka yi gida cike da mutane babu wanda ya gani? Amsar ita ce an gani. Kowace alama dai an raɗa mata wani suna: miskilanci, tsirfa, kafiya, kunya, wata ma aka ce iska ce.

Bin sawun yarinta ba don kwanciyar hankali kaɗai ake yinsa ba. Otizim ba ya kama mutum da girma. Kundin DSM-5 da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013 ya gindaya sharaɗin cewa dole alamomin su kasance tun farkon yarinta, ko da yake suna iya ɓoyuwa har sai nauyin mu'amala ya fi ƙarfin mutum, ko kuma dabarun da ya koya su lulluɓe su. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, da ya fara aiki a 2022, shi ma a kan haka yake. In aka tona yarinta da kyau aka tarar babu komai, dole likita ya sake duba ko wani abu ne daban ke damun mutum.

Da gangan nake cewa otizim maimakon galahanga. Kalmar galahanga a bakin mutanenmu ta haɗe lalurori da yawa da ba su da alaƙa, kuma da an ambace ta abin da ke zuwa zuciya shi ne yaron da ba ya magana, yawu na zuba. In ka je wa tsohuwa da wannan kalma, za ta ce Allah Ya kiyaye, hira ta ƙare ke nan.

Matakin farko shi ne sanin wanda za a tambaya. Tambayoyin da likitoci ke yi wa iyaye, waɗanda ake kira ADI-R, guda 93 ne, suna cin kamar awa biyu, kuma da yawansu kan shekara huɗu zuwa biyar suke tsayawa. Dalili shi ne a wannan lokacin yaro ya iya magana, ya shiga cikin sa'o'insa, amma bai koyi ɓoye halinsa ba tukuna. Akan ɗauka uwa ce ta fi kowa sani. A gidan Bahaushe ba kullum haka yake ba. Mai tarihin nan 'yar fari ce. Mahaifiyarta ko sunanta ba ta faɗa, kuma tun ranar yaye aka miƙa ta ga goggonta, ƙanwar mahaifinta, ta riƙe ta har ta gama firamare. Don haka shekara biyun farko suna wajen Inna, sauran suna wajen Goggo. Bayan su akwai yayar da ta yi goyonta, da malamar aji ɗaya in tana raye, da katin awo, da takardun sakamakon makaranta, musamman layin ƙasa inda malami ke rubuta ra'ayinsa.

Tsofaffi ba sa lissafi da shekarun yaro, da abin da ya faru suke yi. Sai a kafa musu turaku: kafin yaye ko bayansa, kafin a haifi ƙaninta, shekarar da aka sa ta a allo, Sallar da aka yi ƙaura. An haife ta a 1991, don haka annobar sanƙarau ta 1996, wadda babu tsohuwar da ta manta da ita a Arewa, ta faɗo daidai kan shekarunta biyar. Da wannan turke aka ɗaure yawancin tambayoyin.

Yadda ake tambayar ya fi komai muhimmanci, kuma nan aka fi yin kuskure. Ranar farko ta ce, "Goggo, da ina ƙarama ina da wata matsala?" Goggo ta ce, "Matsalar me, 'yar nan? Ke ce kika fi kowa hankali. Inda aka ajiye ki nan za a dawo a tarar da ke." Gaskiya ta faɗa, kuma a cikin amsar akwai alama, amma an naɗe ta da yabo. Washegari sai ta canza salo, ta daina neman hukunci, ta koma neman abin da ido ya gani. In an fita tsakar gida da yamma, a ina nake zama? Me ke hannuna? In baƙi suka zo, me nake yi? Wa ke yi mini kitso, kuma mutum nawa ke riƙe ni?

A nan bakin Goggo ya buɗe. Yara suna tuwon ƙasa, wannan ce uwa, waccan ce amarya, ita kuwa tana gindin rumbu da gwangwanin madara cike da murafan kwalbar lemo. Takan jera su layi-layi, ja da ja, kore da kore, bakin kowane yana kallon sama. In wani ya taka layin, ba gyara wurin da ya ɓaci take yi ba, sai ta kwashe duka ta faro daga farko tana kuka. An yi mata 'yar tsana, ba ta taɓa goya ta ba, zaren kanta ta warware ta shirya shi bisa tsawo. Wasan kwaikwayon rayuwa, irin a ba 'yar tsana abinci ko a mai da kara ya zama doki, yakan bayyana tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Rashinsa har shekara biyar abu ne da likita zai ja wa layi. A dandali kuma ta haddace waƙoƙin gaɗa kaf, har tana gyara wa manya in sun sauya kalma, amma ba ta san lokacin da ake faɗawa tsakiya a cafe mutum ba, don wannan da ido ake sanar da shi.

Maganar ido tana buƙatar natsuwa. A littattafan likitanci, rashin haɗa ido na cikin alamomin da aka fi ambata. A wajenmu yarinyar da ta sunkuyar da kai gaban babba tarbiyya gare ta. In ka tambayi Goggo ko tana kallon mutane a ido, za ta ce a'a, kuma haka za ta ce game da kowace yarinyar kirki a unguwar. Tambayar da ke rarrabewa ita ce: tana haɗa ido da sa'o'inta in suna wasa? In jirgi ya wuce a sama, tana nuna shi da yatsa, ta waiwayo ta ga ko ke ma kin gani? Wannan nuni na "duba abin da na gani" yakan zo kafin wata 18, kuma ya sha bamban da nuna abin da yaro ke so a ba shi. Goggo ta yi shiru, sannan ta ce ba ta tuna ta taɓa kawo mata abu don ta gani ba. In tana son ruwa, hannun Goggo take kamawa ta ɗora a kan murfin randa ba tare da ta dubi fuskarta ba.

Ta yi magana da wuri, shi ya sa babu wanda ya damu. Amma in tana son kunu sai ta ce, "Kina son kunu?", wato ta mayar da jimlar yadda aka saba faɗa mata. Sanarwar rediyo takan maimaita ta da muryar mai karantawa. A makarantar allo wannan baiwa ta zama abin alfahari, kuma rangajin da take yi gaba da baya bai ja hankalin kowa ba, tunda duk almajirai haka suke yi in suna karatu. Bambancin shi ne ita tana yi a kan tabarmar cin abinci, tana yi in an yi baƙi, tana yi in an kunna injin markaɗe na maƙwabta, hannuwa biyu toshe da kunne.

Kitso sai mutum biyu sun riƙe ta. Kayan Sallah masu sitaci ba ta yarda su taɓa wuyanta, sai an wanke su sau biyu. Miyar kuɓewa da duk wani abu mai yauƙi ba ya wuce maƙogwaronta, ko za ta kwana da yunwa. Kofi ɗaya take sha da shi, shuɗi, ranar da ya ɓata ta wuni ba ta sha ruwa ba. Tana da shekara shida, ranar wani biki da aka yi kiɗa a gidan, ta faɗi tana ihu tana buga kai da ƙasa, aka ce iska ce, aka kai ta ruƙiyya. Abin da ya faru shi ne ƙara da turare da cunkoso sun taru sun fi ƙarfin jikinta. Addu'a alheri ce ga kowane yaro, amma irin wannan faɗuwa abin da ke kwantar da ita shi ne a fitar da yaro zuwa wuri shiru, a rage magana, a jira. Duka da hayaƙi ƙara ta suke yi.

Da ta dawo da littafin da ta rubuta amsoshin Goggo, likitar ta raba abin da ke ciki gida biyu, yadda DSM-5 ya tsara. Gida na farko mu'amala ce, kuma dole a sami duka ukun: musayar magana da motsin rai, amfani da ido da fuska da hannu, da iya ƙulla abota da riƙe ta. Gida na biyu abu huɗu ne, ana buƙatar aƙalla biyu: maimaita motsi ko magana, nacewa kan tsari ɗaya, shaƙuwa mai tsanani da wani abu guda, da yawan ji ko ƙarancin jin ƙara, taɓawa, wari ko ɗanɗano. Nata ya cika duka huɗun.

Sai dai akwai abubuwa uku da likitar ta soke, kuma ya kamata duk mai irin wannan bincike ya san dalili. Wanda aka gaya wa yana da otizim yakan koma ya ga otizim a kowane lungu na yarintarsa. Ƙiwa da ta yi tana shekara ɗaya, kowane jariri na yi. Tsoron malamin lissafi mai bulala tsoro ne mai dalili. Fargabar tsayawa gaban aji da ta fara a sakandare damuwa ce da ta zo daga baya, ana kuma magance ta daban. Abin da ake ƙirgawa shi ne wanda ya daɗe, ya bayyana a gida da makaranta da gidan biki, ya kuma fi na sa'o'i tsanani. Haka nan rashin amsa kira: yaro kan juyo in an kira sunansa kafin ya cika shekara, amma sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa duk suna taɓa ji. Sai da Goggo ta tabbatar cewa sanƙarau bai kama ta ba, kuma yarinyar da ake kira sau biyar ba ta waiwayo ba tana jin buɗe ledar alewa daga ɗaki na uku. Gwajin intanet irin AQ mai tambaya 50, wanda ake ɗaukar maki 32 zuwa sama a matsayin ishara, tankaɗe ne kawai. Mai tsananin damuwa ma yana iya cin makin.

Kasancewarta mace ya taimaka wajen ɓoye ta. Yara 11 masu otizim da likita Leo Kanner ya bayyana a 1943 a Amurka, takwas maza ne, uku mata, kuma an daɗe ana auna kowa da siffar maza. Ana yawan cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya, amma inda aka bi yara aka tantance su ba tare da jiran a kawo su asibiti ba, abin ya fi kusa da uku ga ɗaya. Namijin da ba ya shiga cikin yara za a lura da shi a waje. Mace mai shiru a cikin gida, an samu abin da ake so.

Wajen Inna ta je a ƙarshe. Ba ta yi dogon bayani ba, sai ta buɗe adaka ta ɗauko katin awo da ya yi ja don tsufa, ta ce, "Yarinyar nan ta fara cewa mama da ruwa, sai ta daina wajen yaye. Na ɗauka ni na jawo, da na ba da ita." Shekara talatin tana ɗauke da wannan. Ya kamata duk uwa ta ji: kusan ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu otizim sukan rasa kalmomin da suka fara, galibi tsakanin wata 15 da 24, wato daidai lokacin da muke yaye. Haɗuwar lokaci ce. Yaye ba ya jawo shi, riƙo ba ya jawo shi, alkunyar ɗan fari ba ta jawo shi. Rigakafi ma haka: rahoton 1998 da ya haddasa wannan zargi a Ingila, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Manyan bincike sun nuna gado ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na lamarin.

Kalmar gado ce ta sa mai tarihin ta juya ta dubi ɗanta, ɗan wata 20, yana zaune bakin ƙofa yana juya tayar motar roba da yatsa. Ta kira sunansa. Akwai tambayoyi 20 da ake yi wa iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30, ana kiransu M-CHAT-R. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ita da maigidanta suka amsa su, da abin da likitar yara ta ce bayan ta duba shi.