Fitilar motata ta yi yanar ido, ga yadda muka cire ta

Daren da abin nan ya ishe ni muna dawowa ne daga biki a Zariya, ni da iyali, mun wuce Kwanar Dangora wajen ƙarfe tara da wani abu, kawai sai ganin ganye nayi a zube kan kwalta, kun san yadda direbobin manyan motoci suke yi in mota ta mutu musu a hanya, kafin in gane me ganyen ke nufi ga bayan tirela nan a gabana, ba danja ba komai. Na taka birki iya ƙarfina, yara suka zubo gaba, maman su tana ta salati. Allah ne ya tsare wallahi. Da na samu waje na faka na fito na tsaya gaban motar, fitilu duka biyu a kunne, amma hasken kaman na aci-bal-bal, ja-ja haka, a watse, ko kan titi bai sauka sosai ba.

Motar Honda Accord ce 2004, wadda ake ce wa EOD, Beljiyam na saye ta, kuma tun lokacin fitilun sun ɗan yi ruwan ɗorawa amma ban ɗauke shi komai ba, duk tsohuwar motar da ka gani a gari haka idonta yake. Abin da na fara yi washegari shi ne abin da kowa yake yi, na tafi wurin mai rewaya nace a canza min ƙwai a sa mai ƙarfi. Ya ɗauko min farin nan na LED. Da daddare na gwada, a gaban motar dai fari tas kaman rana, amma nesa babu, ga duk wanda ya taho ta ɗaya hannun sai ya dinga danna min ful layit yana nufin na kashe masa ido, alhali ni a dim nake. Nan na gane ba ƙwai ne matsalar ba.

Wani dattijon fenta da muke sallah tare a masallacin layinmu shi ya warware min. Ya shafa fitilar da hannu, sannan ya ɗebo ruwa a buta ya watsa mata, nan take ta washe kana hango ƙwan a ciki, tana bushewa ta koma yadda take. Yace min, "Malam, ka gani ko? Ciwon a fata yake, ciki lafiya lau. Da a ciki ne ruwa ba zai nuna maka komai ba." Wannan gwajin ku riƙe shi dan Allah kafin ku kashe ko sisi. In kun watsa ruwa bata washe ba, ko kuma kuna ganin gumi da ɗigon ruwa ta ciki, toh wannan matsalar ta ciki ce, wataƙila bakin fitilar ne ya buɗe ruwa na shiga, aikin sa daban.

Abin da mutane da yawa basu sani ba shi ne wannan abin da muke ce wa gilashin fitila ba gilashi bane. Na da ne gilashi, irin na Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna a da, shi yasa har yau in ka ga tsohuwar 504 jikinta duk ya ruɓe amma idonta garau, sai dai in dutse ya fasa shi. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka fara komawa wata roba mai tauri da ake kira polikabonet, bata da nauyi, bata fashewa da wuri, kuma ana iya lanƙwasa ta duk siffar da ake so. Babbar illarta, rana na cin ta. Dan haka a masana'anta sai a shafa mata wani siririn rufi a sama da zai kare ta daga zafin hasken rana, wannan rufin ne shekara da shekaru yake ƙonewa, ya tsattsage, ya zama ruwan ɗorawa, in ya ƙare kuma ranar ta shiga cin robar kanta. Toh ka haɗa da irin ranar mu ta watan Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da take gogar fitila in kana gudu kaman ana yi mata samfefa, ga masu wankin mota da Omo da tsumma mai yashi, ga shi yawancin mu mota a waje take kwana take wuni. Motar ma kafin ta iso hannunka ta riga ta sha shekara goma ko fiye a wata ƙasa.

Kuma ba maganar kwalliya bace. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji a 2018, ta samu fitilar da ta dushe sosai kashi 22 cikin 100 kawai take bayarwa na hasken sabuwa. Kusan kaso ɗaya cikin biyar kenan fa, da shi muke shiga hanyar da shanu ke tsallakawa, masu babur ba fitila, ramuka ko'ina. Da na karanta wannan sai da jikina yayi sanyi na tuna bayan tirelar nan.

Na fara gwada makilin, tunda kowa shi yake faɗa. Yana ɗan yi gaskiya, saboda akwai ɗan gari mai kaushi a ciki da yake goge datti na sama-sama, amma sati biyu ta koma. Masu cewa a shafa man birki, ko fetur, ko tina, ko maganin sauro na shafawa, dan Allah kar ku yi, wasu narka fuskar robar suke yi shi yasa kake ganin ƙyalli na kwana biyu, bayan nan ta yi zane-zane kaman gizo-gizo wanda babu mai iya cire shi.

Ranar Asabar da safe muka zauna ni da baban nan a inuwa. Na sayo samfefa ta ruwa lamba 600, 800 da 1000, da tef ɗin takarda, da sifirit. Mun wanke fitilun, muka zagaye gefensu da tef ninki biyu sbd kar samfefa ta ci fentin mota, muka jiƙa samfefar a bokiti kaman minti goma. Ya fara da 600, yana gogawa kwance daga hagu zuwa dama, ni kuma ina zuba ruwa ba tsayawa. Ruwan da yake gangarowa kan bamba ruwan ɗorawa ne kaman an dama kunun da ya kwana, yace min kar ka daina sai ka ga ruwan ya koma fari kaman nono, wannan shi ne alamar mataccen rufin ya fita ka iso lafiyayyar roba. Nan ne wajen da yafi cin lokaci kuma nan mutane suke ha'inci, in ka bar tabo ɗaya na tsohon rufin zai fito ɓaro-ɓaro daga baya. Lungunan gefe su suka fi taurin kai. Da muka gama 600 fitilar ta zama fara fat ba ka ganin komai ciki, gabana ya faɗi nace baba anya bamu ɓata ta ba, yayi dariya yace haka ake so.

Sai 800 ana gogawa a tsaye sama da ƙasa, dan ta share layukan ta farko, sai 1000 a kwance kuma. Hannu zai gaji, fitila ɗaya ta ci mana kusan minti arba'in.

Daga nan hanya biyu ce. Ko dai ka cigaba da 1500, 2000 har 3000 sannan ka goge da kompaun, wato man goge fentin mota, har ta yi ƙyalli, ko kuma ka tsaya a nan ka fesa mata kiliya, wato farin fentin nan mara launi da ake rufe fentin mota da shi. Masu wanke fitila a bakin titi ta farko suke bi, kana tsaye zasu miƙo maka ita tana walƙiya ka biya ka tafi da murna, amma sun cire rufin gaba ɗaya basu mayar da komai ba, robar tsirara take a rana, wata biyu uku ta dawo har tafi da muni. Ni abin da nafi so kowa ya ɗauka a rubutun nan kenan, duk wanda zai goge maka fitila ka tambaye shi me zai rufe ta da shi bayan ya gama, in yace ba komai ka ɗauki motarka.

Mu kiliya muka fesa, mai haɗi biyu da ake zuba mata hadina, ruwan da yake sa ta yi tauri, irin wadda fentoci ke ce wa 2K. Ba a goge fitila da kompaun kafin a fesa, dan kiliyar na buƙatar ɗan kaushin nan ta kama. Ya share da sifirit, ya rufe bonet da bamba da jarida, ya yayyafa ruwa a ƙasa dan ƙura ta kwanta, ya sa takunkumi, yace ni in matsa baya sbd tururin ta na da illa ga huhu sosai. Fesawar farko siririya ce, ya jira kaman minti goma, ta biyu ya ɗan cika ta. Wallahi a kan idona farin nan ya ɓace, ƙwai da madubin ciki suka fito tas kaman yau aka ciro ta daga kwali. Kwana ɗaya motar bata fita ba, sati guda kuma ba a wanke wajen ba.

Na cire LED ɗin nan na mayar da ƙwan asali mai wat 55, mai rewaya ya saita min tsayin hasken a jikin bango dan ɗaya ta ɗan kalli sama. Ba zan ce ta kai sabuwa ba, ko a gwajin AAA ɗin gyara kusan kashi 70 yake dawowa da shi, kuma ta hannun direba akwai 'yan tsage can cikin robar da basu fita ba. Amma yanzu ina hango mutum a gefen titi tun daga nesa, kuma an daina danna min fitila. Wata takwas kenan har ta ga hunturu ɗaya bata canza ba. A wurin aiki yanzu bayan motar nake juya wa rana in zan faka, yaron da ke wanke min ita kuma na ware masa tsumma mai laushi na fitila kaɗai.