Akwatunan shuka na bayan ɗaki

Yau na tsinki tumatir na farko daga akwatunan katako biyu da na kafa a bayan ɗaki. Guda bakwai ne kacal, amma sai da na jera su a faranti ina ta kallo.

Ƙasar gidanmu tauri gare ta, ruwa kwanciya yake yi a kanta, shi ya sa na ɗaga shukar sama. Zurfin kowane akwati santimita 30, faɗinsa bai wuce mita 1.2 ba, don hannu ya kai tsakiya ba sai na taka ƙasar ba. Na cika su da ƙasa da takin da na ruɓar da kaina daga ɓawon kayan lambu da busasshen ganye. Ko ɗigon maganin feshi ban sa ba.

Karas ne ya ba ni kunya. Garin gaggawa na zuba kashin kajin da bai gama ruɓewa ba, sai ya fito da ƙafafu bibbiyu, wani har uku. Ga akwati da saurin bushewa; sai da na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai kafin latas ya daina yaushi. Sitiroberi kuwa tsuntsaye sun riga ni, raga zan nemo gobe.