Kusurwa shida

Talata. Wuta ba ta zo ba sai bayan la'asar. Kunun safe ya yi tsami, Abba ya ƙi sha.

Abin da ya tsaya mini a rai dai aikin gidan Ummi ne. Ta dawo fuska a murtuke, an ba su sunayen siffofi su haddace, fentagon, heksagon, oktagon, ta musanya mai kusurwa biyar da mai shida, jan biro ya bi ta kansu. Ina tankaɗe ta zo ta tsaya a kaina.

"Mama, shi heksagon ɗin nan sunan mutum ne?"

Na ajiye rariya. Na ce mata a'a, kalmomin Girkanci ne biyu aka haɗa: hex, wato shida, da gonia, wato kusurwa. Daga Girkanci ta shiga Latin, Turanci da Faransanci suka ɗauka daga can. Ta dube ni.

"Shi ke nan? Kusurwa shida kawai?"

Shi ke nan fa. Na ƙara mata da cewa gonia tushensu ɗaya da gonu, kalmarsu ta gwiwa. Nan take ta zauna a tabarma ta lanƙwasa ƙafa tana kallon lungun da gwiwar ta yi, ta ce ai ga kusurwar nan. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa. Muka shiga nema a cikin gida: gindin fensirinta, notin keken Abba, da ɗan saƙar zuman da Inna ta aiko da shi, kowane rami kusurwa shida cif. Na nuna mata idan gefunan da kusurwoyin duk sun yi daidai, kowace kusurwa digiri 120 ce, duka 720, kuma uku na haɗuwa a wuri ɗaya su cika 360, shi ya sa ramukan saƙar ke manne da juna babu giɓi.

Babansu da ya dawo ya ce Larabawa musaddas suke cewa, ɗan'uwan sudusi da ake ji wajen rabon gado. Da daddare kuma Kawu ya bugo daga Maraɗi, Ummi ta karɓe wayar tana ba shi labari. Ya ce su tun suna lakwal suke jin ana kiran ƙasar Faransa kanta Hexagone, saboda yanayin taswirarta.

Sai da kowa ya kwanta raina ya ɓaci. Yaron da ke Atina, babban birnin Girka, in ya ji kalmar nan, shida yake ji da kunnensa, kamar yadda za a ce wa Ummi "mai kusurwa shida". Tawa kuwa sauti aka miƙa mata ta haɗiye, aka hukunta ta da ya maƙale. Ban ga laifin malamarsu ba, aji cike yake maƙil. Amma bayanin bai ci mana minti biyu ba. Ni ma haka na haddace shi a firamare, cikin tsoron bulala, sai da na girma na san abin da yake nufi. Yara nawa ne a ajin nan suka riga suka yanke cewa ba su da kan lissafi?

Ta bar mini takarda a kan firij: "Mama, okta nawa ne?" Na rubuta mata takwas a ƙasa. Gobe akwai awon Yaya da safe, ban ko goge kaya ba.