Tarihin rayuwata, kashi na 11: Suna ya fi aljihu

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Makon jiya mun tsaya inda na gama doktora na dawo gida Garwa da takarda a hannu, aljihu kuwa wayam.

To a lokacin koyarwa nake a matsayin vakater a ɗaya daga jami'o'inmu na arewa, ba sai na faɗi wacce ba, yanzu dai uku ne, Gaundare da ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, Marwa 2008, sai auta Garwa 2022. Shi vakater ba shi da albashi, awowin da ka koyar ake lissafa maka, kuɗin kuma sai ranar da ka gan su. Ana haka gwamnatin Kamaru ta ce za ta ɗauki masu doktora 2000, aka fara a 2019 da mutum sama da 1000, Allah cikin ikonsa sunana ya fito, asistan, matakin farko na malamin jami'a.

Ranar Inna har guɗa ta yi. Kawuna kuwa tun daga nan bai sake kiran sunana ba sai Furofesa, na ce Kawu wallahi da sauran tafiya, daga asistan sai sharje de kur, sai metir de konferans, sannan furofesa, ya ce kai dai yi shiru ɗan nan duk ɗaya ne.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne fitowar suna daban, fitowar matirikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, daban. Ba matirikil ba albashi. Wata da watanni ina shiga amfi, wato babban ɗakin lacca, da babbar riga da guga, ɗalibai na miƙewa suna gaisuwa, alhali kuɗin moton da ya kawo ni ma bashi ne. Na hau mota zuwa Gaundare, na kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde don bin dosiye, a wani ofis aka ce takarda ɗaya ta ɓace sai na kawo wata, na juyo. Da rapel, wato albashin watannin baya, ya zo a dunƙule kuwa tun kafin in taɓa shi an gama rabonsa, mai gidan haya, mai shago, Yaya da ta ranta min, ga 'yan uwa kowa ya ji labarin Furofesa ya kwashi miliyoyi.

Amma fa kar ku ji ina ƙorafi ku ɗauka aikin ba daɗi. Tunda matirikil ya fito ban taɓa kwana da fargabar za a sallame ni ba, wata ya yi albashi ya shigo, ga fansho a gaba. Abokina da muka yi karatu tare yana wata ƙungiyar agaji, ya ninka ni albashi nesa ba kusa ba, amma duk ƙarshen kwantiragi sai ya rame. Ni kuma ba mai tsare ni a kujera daga safe zuwa yamma, in ba ni da darasi ina gida, jana'iza da suna duk ina samun zuwa. Sannan ɗalibai, musamman 'yan Cadi da ke zuwa da yawa, akwai wanda da ƙyar ya haɗa jaka 50 ta rajista, yau yana aiki a Njamena, duk salla sai ya kira.

Sai dai lokacin nan da ake ganin muna da shi na ƙarya ne. Bayan jarabawa kwali guda na kopi, wato takardun amsar ɗalibai, zan ɗauko, in baje a tabarma, shayi a gefe, jan biro a hannu har asuba, wani rubutun sai ka rantse kaza ce ta yi tonon ƙasa, Maman yara ta leƙo ta ce Malam yau ma da takardun za a kwana? Ga memuwar, wato kundin binciken 'yan masta, ga naka binciken, don in ba ka buga makala ba kwamitin CCIU mai ƙara wa malaman jami'a girma ba zai ɗaga ka ba ko ka tsufa a aji. Pirim, wato alawus ɗin bincike na wata uku-uku kuwa in ya makara sai ka ji SYNES, ƙungiyar malaman jami'a, ta kira yajin aiki.

Ana cikin haka wata Juma'a bayan masallaci sai ga Kawu da ɗansa Sani riƙe da dosiyen konkur, wato takardun jarabawar neman gurbi, ya zauna ya gyara hula ya ce Furofesa, ga ƙaninka, magana ɗaya za ka yi musu a can. Yadda muka kwashe da shi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.